Ƙirgen Bakin Ƙofa

Wani dare na ji ƙara a cikin gida, irin wadda ban taɓa ji ba. Ba bugu ba ce, ba kuma karta ba ce. Kamar a ce wani ƙaton ƙwaro ne yake tauna waya, ya tauna, ya huta, ya sake tauna. Ƙyas. Shiru. Ƙyas. Na kwanta ina saurare, ina yi wa ƙwaron siffa a raina. Na ba shi ƙafafun ƙarfe, na ba shi gashin baki. Ban tashi na duba ba. A kwanakin nan ba wanda yake tashi ya duba komai a gidanmu. Barci ya ɗauke ni, na bar ƙwaron yana cin abincinsa.

Da safe na tarar an sa fankar falo a keji. Fankar tsaye ce, dama tana da ragarta tun daga kanti, amma ɗana ya saƙa mata wata a kan waccan da siririyar waya, mai ƙananan idanu, ko fensir ba zai shiga ba. Filayarsa na ƙasa, ga guntayen waya a warwatse. Ƙarar da na ji ke nan. Na kunna fankar. Ta juya, amma iskar da take fitowa ba ta fi numfashin kyanwa ba.

"Baba, kashe," in ji shi daga bakin ƙofa. "Ban gama ba."

Na kashe.

Ɗana malamin makarantar sakandare ne. Darasinsa ana ce masa zane da ƙere-ƙere. Yadda na fahimce shi, yaro ne zai ga wata matsala a gidansu ko a kan titi, ya zauna ya zana abin da zai magance ta, ya auna, ya gwada da kwali, sannan ya ƙera na gaske da katako ko ƙarfe. Ni ban yi nisa a makaranta ba. Na bari da wuri na kama gyaran laima da fitila, har idona ya gaji. Shi ya sa darasin nan ya daɗe yana ba ni sha'awa. Yakan kawo mini ayyukan da suka ƙi, in gani. Akwai yaron da ya ƙera tarkon ɓera mai ƙararrawa don a san an yi kamu, sai ya zama ƙararrawar ce take fara kaɗawa, ɓeran ya ji ya yi ta kansa, sannan ƙofar tarkon ta rufe a hankali. Har yau yana ƙarƙashin gadona. Nakan fito da shi in taɓa.

Yana da wani abu da yake yi wanda duk makarantar ta sani. Ba yaron da zai shiga ɗakin aiki sai an yi layi a bakin ƙofa, kowa ya ɗaga hannu biyu, yatsu a baje. Shi kuma ya tsaya da mabuɗi a hannu ya ce, "Nawa?" Su ce, "Goma!" Ya ce, "Da nawa za ku fita?" Su ce, "Goma!" Sannan ya buɗe. In an tashi a sake yin layi, a sake ƙirgawa. Shekara da shekaru yana haka. Tsofaffin ɗalibansa, wasu da gemu, wasu da goyo, in suka hango shi a kasuwa sai su ɗaga masa hannu biyu daga nesa suna dariya.

Abin da ya faru ba a bakinsa na ji ba. A bakin surukata na ji, ita kuma a bakin wata malamar makarantar.

'Yan ajin ƙarshe ne suke aikin jarrabawarsu. A tsakiyar ɗakin akwai injin zarto, tsoho, ya girmi malamin. Yana da murfi a kan haƙoransa. Ranar ɗana ya ɗaga murfin don na baya su ga yadda haƙori yake cin katako, saboda ajin ya cika, na baya kullum ƙeyar na gaba suke kallo. Yana cikin yanka ƙafar teburin wata yarinya aka ɗauke wuta. Injin ya ja kukansa ya tsaya. Yara suka yi tsaki kamar yadda aka saba. Ya juya ya tafi buɗe tagogi don haske ya shigo. Makunnin injin irin na da ne, inda ka bar shi nan yake zama. Ba wanda ya kashe shi, tunda a idon kowa injin a kashe yake. Yarinyar ta sa hannu ta share garin katako daga kan layin da ta ja, don kada Malam ya kauce in ya dawo. Aka kawo wuta.

Yatsu biyu na hannun hagu, ƙaramin da na kusa da shi.

An yi bincike. Mutane suka zo, suka duba, suka tafi. Aka ce laifin tsohon makunni ne, laifin wuta ne, nasa kaɗan ne. Shugaban makaranta ya ce ya ɗan huta ya dawo. Ya huta, bai dawo ba. Shi kaɗai ne malamin darasin, mabuɗin ɗakin kuma yana aljihunsa. Ba wanda ya zo karɓa. Ina jin kowa tsoron ɗakin yake.

Bai yi kuka ba. Bai daina cin abinci ba. In aka ajiye masa zai cinye tas, in aka tambaye shi ko gishiri ya ji sai ya kalli kwanon kamar yanzu ya fara ganinsa. Yana gaida mutane. Yana wanka. Sai dai in ka yi masa magana, maganar kamar ta bi ta wani dogon lungu kafin ta kai gare shi, ka gama, ka manta, sannan ya ce, "Na'am?"

Bayan fanka ya koma kan wuƙaƙen kicin, ya yi wa kowacce kube da guntun tiyo. Ya manna soso a gefen kowace ƙofa inda take matse yatsa. Ya yi wa dutsen guga akwati mai ƙofa. Ya kewaye murhu da ɗan shinge. In aka ɗauke wuta, ko me yake yi zai ajiye, ya bi gidan ɗaki ɗaki yana kashe makunni, har na ƙwan banɗaki. In aka kawo, yaran layi suka yi ihunsu, gidanmu kaɗai ne yake zama cikin duhu sai ya tashi ya bi su ɗaya ɗaya ya kunna.

"Baba, ka yi masa magana," in ji surukata. Tana tsaye da albasa a hannu. "Albasa ɗaya, sai na kwance ƙulli uku kafin in kai ga wuƙa. Jiya na nemi almakashi na same shi a cikin safa, an ɗaure bakin."

"Safar wa?"

"Taka."

"Ashe," na ce. "Na ɗauka ɓera ne."

Ba ta yi dariya ba. Ni ma ban san ko wasa na yi ba.

Na je in yi masa maganar. Na same shi a bayan gida yana lanƙwasa waya. Na zauna kusa da shi ina neman ta inda zan fara, sai ya miƙo mini bakin wayar ya ce in riƙe. Na riƙe. Saƙar tasa tana da kyau ƙwarai, kowane ido daidai da ɗan'uwansa. Na shagala da kallonta har rana ta juya. Na tashi na bar shi da saƙarsa.

Maƙwabcinmu tela ne, bangon shagonsa ya haɗu da namu. Ni ina ce masa Sarkin Gobe, don ban taɓa jin wanda ya zo karɓar ɗinki ya ce masa yau ba. Shi kuma yana ce mini Tsohon Laima. Nakan zauna a bencinsa da yamma.

"Tsohon Laima, ɗanka ya zo yana auna allurar kekena," in ji shi. "Wai zai yi mata rumfa. Na ce Malam, allurar nan tun ina saurayi take cizona, mun saba, ita ce abokiyar hirata."

"Me ya ce?"

"Ya rubuta awon a tafin hannunsa ya tafi." Ya ciji zare ya tofar. "Wai ni in tambaye ka. In ya koma, zai yi ƙirgen nan nasa?"

Na ce ban sani ba. Gaskiya ban taɓa tunanin abin ba sai da ya faɗa.

Ana haka ɗana ya bar waya ya koma kan wani ƙaramin akwatin ƙarfe. Ya sayo wasu abubuwa a wurin masu kayan lantarki, ya baje su a kan teburin cin abinci, muka koma ci a ƙasa. Da ya gama, akwatin yana da maɓalli biyu, kore da ja. Ya haɗa shi da fanka ya ce in kalla. Ya danna kore, fanka ta juya. Ya zare wayar daga bango, ta tsaya. Ya mayar da wayar. Ina jiran ta tashi, ba ta tashi ba.

"Ta lalace?"

"A'a. In wuta ta tafi, akwatin sakin kansa yake yi. Ko ta dawo ba zai kama ba sai mutum ya sake dannawa da hannunsa."

Na ɗauki akwatin na juya shi. Abu ne da aka ƙera don ya manta. Duk abin da na gyara a rayuwata, gyara shi nake yi ya tuna aikinsa, laima ta tuna buɗewa, fitila ta tuna kamawa. Wannan kuwa da an ɗan juya masa baya shi ke nan, bai san an taɓa kunna shi ba. Na so ya ba ni.

"Na injin ne?" na ce.

"Na injin ne."

"To ai sai ka kai."

Ya daɗe kafin maganar ta iso gare shi.

"Ba injin ba ne, Baba. Injin na san abin da zan yi masa. Ƙofar ce."

"Me ƙofar ta yi?"

"Za su yi layi. Yarinyar tana cikinsu. In ce musu me?"

Akwatin ya zauna a kan teburin, muka ci gaba da ci a ƙasa. Wata safiya ya yi shirin aiki, ya sa fensir a aljihu, ya fita. Kafin shayi ya huce ya dawo. Ya ce motar ta cika. Washegari ma ta cika.

Sai wata yamma aka yi sallama. Mace ce, fuskarta ta sha rana, da yarinya a bayanta cikin kayan makaranta. Ba sai an gaya mini ko su waye ba. Surukata ta shigo da su falo, ta kawo ruwa. Uwar ta zauna a bakin kujera kamar mai jiran mota. Kayan marmari take sayarwa a bakin titi, ƙamshin lemo na tare da ita. 'Yar kuwa na ji ɗana yana ambatarta tun kafin abin. 'Yan ajinsu suna ce mata Rula, don ko layin ƙarƙashin sunanta ba ta ja da ka.

Ta ɗora hannuwanta a kan gwiwa, ba ta ɓoye ba. Ba bandeji. Na kalla, don ni ba na iya ƙin kallon abu. Hannu ne kamar kowane hannu, sai dai ya ƙare da wuri.

Ɗana ya fito. Ta miƙe tsaye yadda ɗalibai suke yi.

"Ina wuni, Malam."

"Lafiya. Ya hannun?"

"Da sauƙi. Yana ƙaiƙayi a inda babu."

Ya gyaɗa kai kamar an gaya masa farashin ƙusa.

Uwar ta kalli fankar da ke cikin keji.

"Wannan fa?"

"Fanka ce," in ji surukata.

"Tana aiki?"

"Tana ƙoƙari."

Yarinyar ba ta zauna ba. Ta ce masu duba aikin jarrabawa za su zo ƙarshen wata, kuma ayyukan ajin duka suna kulle a ɗakin. In ba su ga aiki ba, ba maki, sai dai a maimaita shekara. Ta faɗa a jere, kamar ta haddace a hanya.

"Ni nawa ƙafa ɗaya ta rage, Malam."

"A fito da shi a kai wa kafinta."

"Ka ce duk wanda kafinta ya taɓa masa aiki, sifili."

"Ni na ce?"

"Kai ka ce. Har ka rubuta a bango."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da mabuɗin ya ajiye a kan kujera. Ya ce su kai wa shugaban makaranta. Yarinyar ta kalli mabuɗin, ba ta taɓa ba. Ta ce shugaba ya ce ba wanda zai tsaya a kansu, kuma shi Malam da kansa ya hana a ɗauki ko ƙusa in ba ya nan.

Sai uwar ta ajiye kofin ruwan, ba ta sha ba.

"Malam, ni ban san maki ba. Ban zo zaginka ba, na riga na yi a gida har na gaji. Ban kuma zo in ce maka ba komai ba, don da komai. Tebur nake so. Tun bara take ce mini in jira, za ta yi mini mai naɗewa, wanda zan rataya a kafaɗa in hadari ya taso. Ta auna tsayina, ta auna tirena, har tafiyata ta auna. Ina nan ina ɗora kaya a kan kwali. Jiya kwalin ya jiƙe ya zube, na bi lemo har cikin kwata. An biya teburin nan da tsada, Malam. A ba ni abina."

Fankar tana ƙoƙari. Suka yi sallama suka tafi, mabuɗin yana inda ya ajiye shi.

Da safe ya sake yin shiri. Ya ɗauki mabuɗin, ya ɗauki jakar kayan aiki. Surukata ta naɗe akwatin ƙarfen a tsumma ta danƙa mini.

"Baba, bi shi. In motar ta cika ku jira wata."

Motar ba ta cika ba. Na zauna kusa da taga da akwatin a cinyata, ina danna koren maɓallin ta cikin tsumma. Muka sauka a bakin makarantar.

Ɗakin aikin yana can ƙarshen makarantar, bayan filin ƙwallo. Ban san wanda ya hango mu ba, amma kafin mu ƙarasa 'yan ajin ƙarshen sun fito. Suka yi layi a bakin ƙofa, maza da mata, dogaye, wasu sun fi malamin tsayi. Ba wanda ya ce su yi. Da ya tsaya a gabansu da mabuɗi, hannuwa suka tashi da kansu, yatsu a baje. Rula tana tsakiyar layin. Ita ma ta ɗaga.

Ya kalli ƙofar. Ya kalli ƙasa.

"Ku sauke," in ji shi. "Yau sai a shiga kawai."

Wasu suka fara saukewa, suka ga wasu ba su sauke ba, suka mayar. Tun suna ƙananan aji ba su taɓa shiga ɗakin nan ba a tambaye su ba. Ina jin ƙafafunsu ne ba su san hanyar ba. Muka tsaya haka. Can wani aji ana maimaita karatu. Hannun wani yaro mai ƙiba ya fara rawa don gajiya.

"Malam," in ji Rula, "ba ka tambaya ba."

Ya ɗago kai. Muryar da ta fito ba ta da komai a cikinta, kamar ta mai kiran lamba a asibiti.

"Nawa?"

"Goma," suka ce.

Ba da ƙarfi ba, amma duka suka ce. Ita ma ta ce. Ina kusa da ita, na ji da kunnena. Bakinta ne ya saba. Ta faɗa tare da kowa, sannan ta juya kai ta kalli hannunta na hagu da ke sama, ta daɗe tana kallonsa, yadda mutum yake kallon baƙon da ya tabbata ya san shi a wani wuri. Na kusa da ita suka kalli takalmansu.

Bai yi tambaya ta biyu ba. Ya sa mabuɗi ya buɗe.

Ɗakin yana warin katako da ƙura. Ni ban taɓa shiga ba sai ranar. Abin da ya fara ɗauke mini hankali wani babban allo ne a bango inda ake rataye kayan aiki. An zana wa kowane abu inuwarsa da baƙin fenti, guduma da inuwarta, filaya da inuwarta, zarto da tasa. In an ɗauke abu, inuwar tana nan tana jiransa. Na tsaya a gaban allon na manta abin da ya kawo ni, sai da ɗana ya ce, "Baba, akwatin."

Injin yana tsakiyar ɗaki. An wanke shi, an wanke ƙasan wurin, har simintin ya fi na ko'ina haske. Murfin yana ɗage yadda ya bar shi. Ƙafar teburin tana kai, an ci rabinta, layin fensir ya ci gaba daga inda haƙori ya tsaya. Ya sauke murfin. Ya zare wayar daga bango, ya durƙusa ya cire tsohon makunnin, ya ɗaura akwatin a wurinsa. Yaran suka kewaye shi. Ya nuna musu abin da ya nuna mini da fanka: ya danna kore, inji ya yi kuka, ya zare waya, ya mayar, inji bai motsa ba. Ya ce kowa ya zana yadda abin yake aiki a littafinsa. Suka zana. Muryarsa tana faɗin sunayen abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ba hawa ba sauka.

Ƙafar teburin kuwa ba a ƙarasa ta a inji ba. Rula ta ɗauke ta, ta matse ta a jikin benci, ta ɗauko zarton hannu daga kan inuwarsa. Ta dafa katakon da yatsu ukun da suka rage. Da farko yana zamewa, ta gyara dafawar, ta sake gyarawa, har ta samu yadda ya zauna. Ɗana yana tsaye a bayanta, hannuwansa a baya, ɗaya ya riƙe ɗaya. Sau ɗaya kawai ya yi magana.

"Kada ki danna. Bar zarton ya ci da kansa."

Takan tsaya ta hure garin katakon da baki, ta ci gaba. Da guntun ya faɗi ba wanda ya tafa. Ta goge bakin da sanfefa, ta ɗauko sauran ƙafafun ukun, ta jera su ta ga sun yi daidai, ta ɗaure da noti. Ta buɗe teburin ya tsaya. Ta danna shi ta kowace kusurwa, bai yi rawa ba. Ta naɗe shi ta rataya a kafaɗa, ta yi taku kaɗan, ta sauke.

"Saura fenti," in ji ta. "Gobe za ka zo, Malam?"

"Sauran ba su gama ba," in ji shi.

Da aka kaɗa ƙararrawa suka mayar da kowane abu kan inuwarsa, suka share, suka yi layin fita a bakin ƙofa. Shi kuwa yana durƙushe a bayan injin yana ɗaure wani noti da na ga ya riga ya ɗaure. Suka jira. Bai ɗago ba. Sai na gaba ya fita, na bayansa ya bi shi, ɗaya bayan ɗaya, wasu hannu a aljihu.

Mun iso gida da yamma. Surukata tana bakin ƙofa, ta kalli hannuna ta ga ba akwati. Ɗana ya zauna a kan dakali yana kwance igiyar takalminsa. Sarkin Gobe ya leƙo daga shago, tef a wuya. Na hango kekensa ta ƙofa, da 'yar rumfar waya a kan allurar.

"Tsohon Laima, yau har da kai a makaranta? Aji nawa aka sa ka?"

"Na baya," na ce.

"An buɗe dai?"

"An buɗe."

"Madalla. An yi ƙirgen?"

"An yi."

Ya fito sosai, ya dafa bango, ya rage murya.

"To ita yarinyar, da aka ce nawa, me ta ce?"

Ɗana ya ci gaba da jan igiyar, ta riga ta kwance, yana ja. Surukata ta ɗauki jakar kayan aikin ta shiga ciki. Ni kuwa ina kallon wata tururuwa da ta ɗauko ƙwayar garin katako daga ƙafar wandona, tana neman inda za ta kai.

Tela ya kalle mu ɗaya ɗaya.

"Ko ba ku ji ni ba ne? Na ce me ta ce?"